Amsoshin Tambayoyinku: Shin a Hagu Zuciya Take?

Wani mai sauraronmu daga Matameye, jihar Damagaram, yana tambaya: shin gaskiya ne zuciya a ɓangaren hagu take?

To Malam, mun gode. A tsakiyar ƙirji take, bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu, sai dai ƙasanta ya karkata hagu, shi ya sa a nan kake jin bugunta. In Sallar layya ta zo, tsaya kusa da mahauci yana feɗe rago: za ka gan ta cikin wata jakar tantani mai ɗan ruwa, wanda ke hana ta gogayya. Ta mutum ma haka take. Girmanta kamar dunƙulen hannunka, nauyinta kusan giram 300, ɗakunanta 4. Na dama suna tura jini huhu ya ɗebo iska, na hagu su watsa shi ga jiki duka, don haka naman hagu ya fi kauri. Ibn al-Nafis, likitan Alƙahira, ya bayyana wannan zagaye ta huhu tun ƙarni na 13.

Ba ita kaɗai ce a wurin ba. Maƙogwaro da babbar jijiyar jini suna nan, hanyar abinci kuma ta bayanta ta bi, shi ya sa ƙwannafi kan yi kama da ciwon zuciya. Amma don Allah Malam, in ƙirji ya yi nauyi, ga gumi, ciwon na sauka hannun hagu, kada a tsaya shan kanwa, a garzaya asibiti nan take.