Fim ɗin Ban Tsoro: Ƙa'idar da Za a Bi da Wadda Za a Karya

Kwanakin baya ɗaliban wata makaranta suka gayyace ni kallon wani ɗan fim na ban tsoro da suka ɗauka da wayar hannu. Lalle sun yi ƙoƙari. Amma da fatalwar ta fito, lulluɓe da farin zanen gado, fuska ta sha hoda, sai ɗakin ya ɓarke da dariya, har wani ya kira sunan yaron da ke cikin zanen. Masu fim suka ji kunya, ni kuwa na ji tausayinsu. Tun da na ji waɗansunku suna shirin irin wannan aiki, na ga ya kamata mu duba abin da ya ɓata nasu.

Kowane irin labari yana da ƙa'idodinsa, watau abubuwan da mai sauraro ya saba da su har ya ke jiransu. Ku tuna tatsuniya. Da an ce yarinya ta ƙi jin maganar uwarta ta tafi rafi da almuru, ko ƙaramin yaro ya san Dodo na nan tafe. Sanin nan bai rage masa tsoro ba, shi ne ma ya ke sa ya ƙara matsawa jikin kakarsa. To, haka fim ɗin ban tsoro ya ke. Akwai wurin da aka hana zuwa, akwai dattijon da zai yi gargaɗi a ƙi ji, akwai fitilar da za ta mutu a tsakar dare, sa'an nan abokan tafiya su rabu, a riƙa ɗauke su ɗaya ɗaya. Turawa sun daɗe a kan wannan hanya. A cikin Nosferatu, wanda aka yi a Jamus cikin 1922 tun majigi ba ya magana, mutanen ƙauye ne suka gargaɗi matafiyi, ya yi kunnen ƙashi ya wuce. Mutanen Kudu kuma suka zo da tasu hanya. A Living in Bondage na 1992 mutum ya ba da matarsa ga 'yan tsafi don ya sami dukiya, ya kuwa samu, fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace, daga bisani addu'a ta cece shi. A finafinanmu na Hausa kuwa an san yadda a ke yi: aljani ya shiga, malam ya zo ya yi ruƙiyya, aljani ya fita.

Kada ɗalibi ya raina waɗannan ƙa'idodi don ya ga kowa ya san su. Akwai ma guda ɗaya wadda ba na son kowa ya taɓa ta, ita ce kada a yi gaggawar nuna dodon. Abin da ido bai gani ba, zuciya ce ta ke ƙera shi, ta kuwa fi kowane mai kwalliya gwaninta. Sa'ad da Steven Spielberg ya ke ɗaukar Jaws, wanda ya fito cikin 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin teku. Tilas ya haƙura da nuna shi sai can wajen ƙarshe, ya bar kiɗa da motsin ruwa su yi aikin. Wannan tilas ɗin ita ta gyara fim ɗin. The Blair Witch Project na 1999 ya fi kusa da halinku, gama labarin ɗaliban fim ne guda uku da suka ɓace a wani daji na Amurka. Ɗaukarsa ba ta ci dala 100,000 ba, ya kawo kusan dala miliyan 250, alhali ba a nuna mayyar ko sau ɗaya ba. Tarin duwatsu kawai a ke gani, da 'yan itatuwa a ɗaure, da ihu daga nesa.

Mu ma ai mun san haka tun da daɗewa. Wanda ya yi makarantar kwana ya ji labarin Madam Koi-Koi, wadda ƙarar takalminta kaɗai ke sa yara su ƙudundune cikin bargo. Ga kuma labarin nan na mutumin da ya gamu da mai kofato da dare, ya sheƙa a guje, ya tarad da wani ya ba shi labari, shi kuwa ya ɗaga riga ya nuna masa tasa ƙafar. Ƙafa ɗaya tak aka nuna, ta kuwa isa.

Saboda haka rashin kuɗinku ba abin baƙin ciki ba ne. Sai dai ku san halin kayan aikinku. Wayar hannu ba ta gani sosai a duhu, hoton ya kan dushe ya yi tsaki-tsaki, don haka gara a ɗauka da almuru ko da asuba, musamman lokacin hunturu in hazo ya sauka. Tocila ɗaya daga gefe ta fi fitila uku daga gaba. Sauti kuwa a ɗauke shi dabam da wata waya a kusa da bakin mai magana, gama 'yan kallo su kan yafe hoto marar kyau, amma ba su yafe maganar da ba su ji ba. Kuma a ba shiru hakkinsa. Yawancin ɗalibai su kan cika fim da kiɗa daga farko har ƙarshe, ba su san in gyare ya yi shiru farat ɗaya ya fi ganga goma razanarwa ba.

To, yaushe a ke karya ƙa'ida? Sai an bi ta har mai kallo ya saki jiki. Alfred Hitchcock ya nuna haka a Psycho cikin 1960. Kowa ya san tauraruwar fim ba ta mutuwa da wuri. Ya sa aka bi ta tun daga farko, ta saci kuɗi, ta gudu, ta yi nadama, sa'an nan ya kashe ta tun ba a kai rabin fim ba. Har ya hana gidajen silima shigad da wanda ya makara, don kada dabarar ta lalace. Ku lura, ƙa'ida ɗaya ya karya a nan, sauran kuwa, dare da ruwan sama da masaukin da ba kowa, duk ya bar su yadda aka san su. Ɗalibin da ya ce zai karya duka a fim na minti biyar, ba wanda zai gane ya karya wani abu.

In kuwa kun tambaye ni wadda za ku karya, ina da ita. A finafinan ƙasar nan, da an ga tsohuwa matalauciya mai zama ita kaɗai a ƙarshen gari, an san ita ce mayya. Wannan ba ta tsaya a fim ba. Ana jifan tsofaffi na gaske a kan zargin maita, ana korarsu daga gidajensu, ko da ya ke dokar ƙasa ta hana a zargi mutum da maita. Cikin 2008 gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya nuna wa duniya yaran Akwa Ibom da iyayensu suka yasar a kan irin wannan zargi. Ku fa malaman gobe ne, yaran da za ku koyar su za su kalli abin da kuka ɗauka, su koma gida su dubi maƙwabciyarsu. Kunle Afolayan ya nuna akwai wata hanya a The Figurine na 2009. Masu bautar ƙasa suka tsinci gunki, aka ce yana ba da shekara bakwai na arziki da bakwai na masifa, kowa ya ɗora wa gunkin laifi, can sai ga hannun aboki mai kishi a cikin al'amarin. Tsoron bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Haka nan in kun nufi wajen Dutsen Zuma, wanda na san idonku na kansa. Ga shi nan bayan Madalla a kan hanyar Kaduna, da abin nan mai kama da fuskar mutum a jikinsa, tun zamanin Abujar da, wadda yanzu a ke kira Suleja, a ke ba da labarin iskokinsa. Dutsen ya ishe ku dodo. Amma mutanen da ke zaune a gindinsa manoma ne da 'yan kasuwa kamar iyayenku, kada ku mai da su matsafa don fim ya yi daɗi. Ku fara gai da mai unguwa, ku gaya masa abin da ya kawo ku, kafin ku ɗaga waya.

Ga aikin da na ke so kowane rukuni ya gwada kafin hutu. Ku rubuta labari na minti uku, mutum biyu, wuri ɗaya, da tsohuwa a cikinsa wadda duk garin ke tsoro. Ku bi ƙa'ida sosai har mai kallo ya tabbata ita ce. Sa'an nan ku sa ta zama ita kaɗai ta buɗe ƙofa sa'ad da yaron ya zo a guje, abin da ya koro shi kuwa kada mu ga ko inuwarsa.