Yadda ake cike giɓin ƙashin yaro

Yaran da ake kawo mana daga Kakuri da Nasarawa da Sabon Tasha, da wuya su zo a makon da ciwon ya fara. Sai ƙafa ta yi wata shida tana tsiyayar mugunya, an sha jiƙo, an kai wa mai ɗori, an sayi kafso a kemis har kuɗi sun ƙare. Tun da masaƙun Kakuri suka rufe, gidaje da yawa a waɗannan unguwanni sai sun yi lissafi kafin su taka asibiti, don haka ban taɓa ganin laifin uwa ba. Idan aka ɗauki hoto, sai a ga tsakiyar ƙashin ƙwauri ya mutu, yana kwance cikin ƙafa kamar busasshen kara. Wasunsu masu sikila ne, wasu karaya ce da ƙashi ya huda fata, datti ya shiga. Na yi shekaru ina miƙa wa likitocin ƙashi kayan aiki a ɗakin tiyata, kuma aikin cire mataccen ƙashi a dasa wani shi na fi so.

Ranar farko babu dashe. Ana buɗewa a cire mataccen ƙashi, a yi ta kankara har sai wanda ya rage ya fara tsattsafo da jini ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa jan barkono. Wannan jinin shi ne shaidar rai. Abin da ya rage giɓi ne, wani lokaci santimita takwas ko goma. A kafa ƙarfe ta waje ya riƙe ƙafar kada ta gajarce, a aika da mugunyar ɗakin gwaji, a ɗora yaro a kan magani na kamar mako shida. Wasu likitoci suna cike giɓin da simintin ƙashi a bar shi mako shida zuwa takwas, jiki ya saƙa masa tantani mai jini a kewaye; dabarar Alain Masquelet ce, wani likitan Faransa da ya fara ta a 1986. Iyaye kan ƙosa a nan. Uba zai tare ni a baranda ya ce, "Sista, yaushe za a sa ƙashin?" Nakan ce masa, "Baba, ba a shuka a gonar da wuta ba ta mutu ba."

Ƙashin da za a dasa a jikin yaron yake. Kowace ƙafa tana da ƙashi biyu daga gwiwa zuwa idon sawu, babba a gaba, siriri a gefe ta waje. Siririn, wanda likitoci ke kira fibula, kaɗan yake ɗauka daga nauyin jiki, saboda haka ana iya aron tsakiyarsa, galibi daga ƙafar da take lafiya.

To, a nan hannu yake nuna kansa. Kowane ƙashi yana sanye da wata riga, tantani mai jini wanda shi ke haifar da sabon ƙashi. A jikin babba siriri ne, taɓawa kaɗan ya yage. A jikin yaro kuwa yana da kauri, yana saluɓewa kamar ɓawon rogo. Likita zai tsaga shi a tsaye, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya, ya sa wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki ya riƙa ture shi a hankali, bakin ƙarfen manne da ƙashi, ba ya ɗagawa ko sau ɗaya. Gefen gaba da na waje ba su da wuya. Bayan ƙashin ne ido ba ya gani, kuma a daidai nan manyan jijiyoyin jini suke kwance. Muddin ƙarfe yana cikin rigar, suna nan lafiya. Ya kauce waje, jini ya cika wurin. Wani dattijon likita da na yi aiki da shi yakan daina magana idan ya zo nan, har rediyon da ke kusurwa sai a rage. Na ga ya ɓata minti ashirin a kan abin da bai kai tsawon tafin hannu ba. Na kuma taɓa ganin wani mai gaggawa ya yayyaga rigar. Dashen ya kama, amma inda aka ɗebo bai cika ba har yaron ya daina zuwa.

Akwai iyaka biyu da ba a tsallakewa. Ta sama, wata jijiya tana naɗe wuyan ƙashin dab da gwiwa, wadda idan aka ji mata ciwo yaro zai riƙa jan ƙafa, tafin ya kasa ɗagowa. Ta ƙasa, ana barin aƙalla santimita shida saboda idon sawu, domin yaro yana girma, in aka ɗebe da yawa sawun zai karkace waje bayan shekaru. Sai a zura zarton waya ta bayan ƙashi, a yanka sama, a yanka ƙasa. Ana ɗebo abin da ya ɗan fi giɓin tsawo. Ni ake miƙa wa. In naɗe shi a ƙyalle mai jiƙe da jinin yaron, in ajiye a tsakiyar tebur, ba na ɗauke ido daga kansa. Rigar da ta zama fanko kuma a ɗinke ta kamar bututu.

Sauran aikin kafinta ne. A soke kan dashen cikin ramin ɓargo ta sama da ta ƙasa, a zura waya ta tsakiyarsa ko a ɗaure da farantin ƙarfe, a kiyaye guringuntsin da ƙashi ke tsawo da shi. A ɗebo ɗan ƙashi mai laushi daga ƙugu a cusa a mahaɗar biyu. Mai sikila kuma a lulluɓe shi da kyau, a ba shi ruwa da iska isassu, a tanadi jini kusa.

Aikin ya daɗe. A 1879 William Macewen na Gilasgo ya sake gina ƙashin dantsen wani ƙaramin yaro da gutsattsarin ƙashin wasu yara. A 1975 Ian Taylor na Ostareliya ya bayyana yadda ya ɗauko wannan siririn ƙashi tare da jijiyoyin jininsa ya haɗa su ƙarƙashin madubin ƙara girma. Akwai kuma zoben Ilizarov mai jan ƙashi milimita ɗaya kullum. Masu giɓi babba ƙwarai mukan tura su asibitin Dala a Kano ko na Shika a Zariya. Amma wannan hanyar tamu ba ta neman komai sai zarto da waya da haƙuri, kuma jikin yaro yana taya ta.

Dashen da aka sa matacce ne, kamar dirkar da kabewa za ta bi. Jini yana shiga, yana cinye tsohon yana gina sabo, kuma a tsakiyar wannan canji ya fi rauni, daidai lokacin da yaro ya daina jin zafi ya fara hango ƙwallo. Shi ya sa muke nanata wa uwa kada ya taka sai likita ya ce, ko da wata biyar ne.

Wata yarinya 'yar shekara tara daga Kurmin Gwari ta dawo bayan shekara biyu. Likita ya ɗaga hotunan ƙafafun biyu a taga. Siririn nan ya yi kauri har ya kusa cika faɗin ƙashin ƙwauri. A ɗaya ƙafar, cikin rigar da muka ɗinke, sabon ƙashi ya tsiro daga sama har ƙasa. Uwar ta ce, "Likita, to ina wanda kuka cire?" Ya nuna mata da biro, ya sake nuna mata, ita kuwa yarinyar tana waje tana tsallake kwata.