Kotun Coci da Kotun Sarki: Wa Ke Hukunta Mazinaci a Tsohuwar Turai?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun lauya. Malaminmu ya ce shekaru ɗari huɗu zuwa biyar da suka wuce, coci ce ke hukunta mazinata da mashaya a Turai, daga baya gwamnati ta ƙwace ikon. To da gwamnati ta karɓa, shi ke nan an daina hukunta irin waɗannan laifuka? Kuma kafin nan, yaya ake bambance laifin da ke hannun coci da wanda ke hannun sarki? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, malaminku ya faɗi gaskiya, sai dai ya dunƙule maganar. Gwamnati ba rana ɗaya ta karɓe ikon ba, kuma da ta karɓa horon bai yi sauƙi ba, ƙara tsanani ma ya yi. Bari mu fi tsayawa a Ingila, inda takardun kotunan suka tsira da yawa.

A ƙa'idar malaman dokar coci, rabon a fili yake. Jikin mutum da dukiyarsa na sarki ne: kisan kai, sata, fashi, rikicin ƙasa. Ran mutum kuwa na coci ne: aure, wasiyya, zina, maye, zage-zage tsakanin maƙwabta, ƙin zuwa sujada ranar Lahadi. Coci ba ta zubar da jini, domin dokarta ta hana limamanta yanke hukuncin kisa. Ta ce ita gyaran mai zunubi take nema, saboda haka makaminta kunya ce.

Ga yadda abin yake gudana a wancan zamani. Kowace Ikklesiya tana zaɓen dattawa masu kula da coci, kuma idan wakilin bishop ya zo rangadi, a bakin rantsuwa suke miƙa masa sunayen waɗanda ake tsegumi a kansu. Tsegumin gari kaɗai ya isa a kira mutum. Idan ya musa, sai a ce ya rantse, ya kuma kawo maƙwabta su rantse cewa sun yarda da rantsuwarsa. In ya rasa masu tsaya masa, ya faɗi ke nan. Ranar Lahadi za a tsayar da shi gaban jama'a ba takalmi, ba hula, lulluɓe da farin mayafi, riƙe da farar sanda, ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa. Wanda ya yi taurin kai sai a yanke shi daga jama'ar coci. Idan ya yi kwana 40 bai rusuna ba, bishop na iya rubuta wa fadar sarki a kama shi a tsare. Kin ga tun a nan hannun coci bai kai ba sai da aron na sarki.

Wani misali ya shahara saboda surukin da ke ciki. A watan Maris na 1616, Thomas Quiney, wanda bai kai mako bakwai da auren 'yar marubuci Shakespeare ba, ya gurfana gaban kotun coci a garin Stratford. Ya amsa cewa shi ya yi wa wata Margaret Wheeler ciki, ita kuwa ta riga ta rasu wajen haihuwa tare da jaririn. Aka yanke masa tsayuwa da farin mayafi Lahadi uku a jere. Sai ya ba da sule biyar domin matalauta, aka sauya masa hukuncin: ya je wata 'yar majami'a a bayan gari, da tufafinsa na kullum, ya amsa laifinsa gaban limami. Irin wannan ne ya zubar da ƙimar kotunan. Mai kuɗi ya fanshi kunyarsa, baiwar Allah mai aikatau ta sha tsayuwa.

Masu tsananin kishin addini da ake kira Puritan sun tsani waɗannan kotuna, amma kada ki ɗauka tausayin masu laifi suke ji. Kukansu shi ne farin mayafi wasan yara ne, zunubi irin zina ya fi ƙarfin wannan horo. Su ne suka riƙa matsa wa majalisar dokoki ta sa hannu.

Majalisar kuwa da ma ta fara gutsura. A 1533, zamanin Sarki Henry na 8, aka mayar da luwaɗi laifin kisa a kotun sarki. A 1604 aka yi wa auren mace biyu ko miji biyu haka. A 1606 aka sa wa mashayi tarar sule biyar, in ba shi da su ya yi awa shida a turu. Amma wurin da na fi so ki lura shi ne cikin shege. Dokar 1576 ta ba alƙalan gunduma ikon horon iyayen yaron da tilasta musu ciyar da shi, ta 1610 kuma ta ce a kai uwar gidan horo shekara guda. Wace uwa? Wadda nauyin ɗanta zai faɗa kan asusun talakawa na Ikklesiya. Wadda danginta ke da halin riƙe yaron, wannan doka ba ta shafe ta ba. A ganina nan ne asirin ya tonu: abin da ya jawo gwamnati cikin maganar, kuɗin masu biyan haraji ne kafin tsarkin rai. Mace ɗaya kuma tana iya shan bulala a hannun alƙalin gunduma, ta dawo ta sa farin mayafi a coci, a kan ciki guda.

Da yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa ya gabato, majalisa ta karya ƙarfin kotunan coci a 1641, ta soke muƙamin bishop a 1646, aka fille kan Sarki Charles na 1 a 1649. A watan Mayun 1650 Puritan suka samu abin da suka daɗe suna nema: matar aure da ta yi zina, ita da kwartonta, hukuncinsu kisa. Magidancin da ya nemi budurwa kuwa wata uku ne a kurkuku. Sai dai an yi ba a yi ba. A kotun gwamnati mutum goma sha biyu ne daga cikin jama'a ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba, kuma ba su yarda su aika maƙwabciyarsu ga igiya a kan wannan ba. Waɗanda tarihi ya tabbatar an rataye ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Dokar ta mutu da dawowar sarauta a 1660.

A wasu ƙasashen rigimar ta bi wata hanya. A Zurich majalisar gari ce da kanta ta kafa kotun aure a 1525. A Faransa dokar Sarki François na 1 ta 1539 ta rage ikon kotunan coci a kan waɗanda ba limamai ba. A Geneva, jagoran Furotesta John Calvin ya kafa zauren ladabtarwa a 1541, fastoci da dattawa goma sha biyu, suna zama duk Alhamis. Ba su da ikon ɗauri ko tara, sai nasiha da hana mutum Jibin Ubangiji (ibadar gurasa da ruwan inabi a coci), babban laifi kuma su tura shi majalisar gari. Ko wannan hanin sai da aka yi ta jayayya a kansa. A 1553 majalisar ta halatta wa wani Philibert Berthelier Jibin, Calvin ya hau mumbari ya ce ba zai ba shi ba. Sai a 1555 aka bar wa zauren wannan iko. Waɗanda aka kashe saboda zina a Geneva a shekarun 1560, majalisar gari ce ta yanke musu hukuncin.

Kada ki yi saurin kwatanta wannan da namu tsarin. A da, alƙali a ƙasar Hausa sarki ne ke naɗa shi, babu wata hukumar addini mai shugabanta a wata ƙasa, mai kotunanta da dokarta daban, da za ta yi takara da fada. Turai kuwa tana da ita, shi ya sa jayayyar ta ɗauki wannan siffa.

A Ingila an maido da kotunan coci a 1661, amma da rauni. Dokar 1689 ta ba Furotesta waɗanda ba sa bin cocin gwamnati damar yin sujadarsu daban, kuma wanda ba ya shiga cocinki, korarsa daga ciki ba ta tsorata shi. Farin mayafi ya riƙa raguwa a ƙarni na 18. Shari'ar ɓata suna ta bar hannun coci a 1855, ta aure da wasiyya a 1857. Daga nan zina ta zama hujjar neman saki a kotun gwamnati: miji zinar matarsa kaɗai ta ishe shi, mace kuwa sai ta haɗa da wani laifin, kamar duka ko yasarwa, har zuwa 1923 da aka daidaita su.