Kalmar "Sty": Ɗakin Alade ko Hazbiya?

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ɗin Turanci yana neman kalmar "sty" zai tarar da ma'ana biyu: ɗakin da ake tsare aladu, da kuma hazbiya, wato ƙurjin nan da ke fitowa a gefen fatar ido. Na sha jin ɗalibai suna cewa ai ƙazantar alade ce ta haɗa su. Wannan kuskure ne. Kalmomi biyu ne dabam waɗanda zamani ya mayar da su kama ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga "stig" ta tsohon Turanci, wanda aka yi amfani da shi a Ingila kafin mamayar Normawa ta shekarar 1066. Ma'anarta shinge ko ɗaki, kuma tana da 'yan'uwa a tsohon Jamusanci da tsohon harshen mutanen Sikandinebiya. Masana suna ganin ita ce a cikin "stigweard", mai kula da gida, wadda ta zama "steward". Daga wannan muƙami ne gidan sarautar Stewart na Sukotilan ya sami sunansa. Sun hau gadon mulki a 1371, sannan suka haɗa da na Ingila a 1603. Masu barkwanci sukan ce ashe sarakunan jikokin makiyayan aladu ne, amma gidan sarki kakanninsu suka riƙe, ba garke ba.

Ta biyu kuwa tushenta "stigan", wato tashi ko hawa, domin ƙurjin tasowa yake yi. Babu ruwan alade a ciki. Ƙwayar cutar bakteriya ce, galibi Staphylococcus aureus, take shiga 'yar jakar maiƙo da ke gindin gashin ido ta kumbura ta. Kada a matse. A riƙa gasawa da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, in ta ƙi lafawa a je asibiti.

Malaman ilimin halittu suna iya kawo wannan misali a aji. Fiffiken tsuntsu da na fara aikinsu ɗaya, amma asalinsu dabam, tamkar "sty" ɗin nan biyu. Hannun mutum da fiffiken jemage kuwa ba su yi kama ba, alhali jerin ƙasusuwansu ɗaya ne, kamar dai "sty" da "steward".

Shi ma aladen an ɗan zalunce shi. Jikinsa ba ya fitar da gumin da zai sanyaya shi, shi ya sa yake birgima cikin taɓo idan zafi ya tsananta. In an ba shi fili, nesa da makwancinsa yake kashi.