Shawarwari ga masu fama da ƙara a akwatin rediyo

A Wudil har yanzu akwatin rediyo bai rasa gurbinsa ba. Daga rumfunan kasuwar Kara ranar Juma'a zuwa zaurukan cikin gari, dattawa na kama BBC Hausa, wadda ta fara watsa shirye-shirye tun 1957, da DW da RFI da Rediyon Tarayya Kaduna. Amma kukan da ake yawan ji yanzu shi ne rediyo ta lalace, sai shuuu da ƙara. Mafi yawan lokuta rediyon lafiyarta ƙalau, kayan wutar da muka cika gida da su ne ke toshe mata kunne, musamman a matsakaicin zango da gajeren zango. FM ba ta cika damuwa da wannan ba.

1. Fara da gano inda ƙarar take. Sa wa rediyo batir, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya, har da inbata. In ƙarar ta ɗauke, ɓarawon na cikin gida. Sai ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ta dawo.

2. Mai da rediyon kanta abin farauta. Murɗa ta zuwa ƙasan matsakaicin zango inda babu tasha, ka zagaya da ita ɗaki ɗaki. Tana kusantar mai laifi ƙarar za ta ƙaru. Waɗanda aka fi kamawa su ne cajar waya mai araha, ƙwan fitila na LED, dikoda, da cajar rediyon ita kanta. Dalili kuwa, irin waɗannan kaya suna yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma masu ƙera na bogi sukan cire 'yan kayan da ke tace wannan hayaniya don su rage kuɗi. Wayar wutar gidan sai ta zama eriya ta baza ta ko'ina. Cire caja daga soket in ba a amfani da ita, ko da ba waya a jikinta.

3. Juya akwatin. A matsakaicin zango ba sandar ƙarfen da ake zarowa ke aiki ba, akwai wata baƙar sanda a ciki da aka naɗe da waya. Juya rediyon a hankali har tashar ta fito, ƙarar ta lafa.

4. Doguwar waya ba kullum take taimako ba, kuma nan ne na fi ganin ana kuskure. Mutum ya ɗaura waya daga eriya har kan bishiyar darbejiya, sai ya ji tasha ɗaya a wurare biyu ko uku, ko muryoyi biyu a cakuɗe, ko fito mai tsini. Galibin ƙananan rediyoyi na tsohuwar ƙira suna mai da kowace tasha zuwa kilohaz 455 kafin su fitar da murya. Saboda haka tasha mai ƙarfi kan sake leƙowa a kilohaz 910 ƙasa da wurinta na gaskiya. Wadda ke kan 6090, inda aka san Kaduna a mita 49, tana iya bayyana wajen 5180, inda babu ita. Doguwar waya kuma tana ɗura wa rediyon abin da ya fi ƙarfinta, sai tashoshi su gauraye a cikinta su haifi wasu na ƙarya. Gwaji mai sauƙi: rage tsawon eriya. Tashar gaskiya za ta ɗan yi rauni, ta ƙarya kuwa takan ɓace. Maimakon ɗaure wayar kai tsaye, naɗe ta da robarta sau uku ko huɗu a jikin sandar. 

5. Mai sola ya lura da lokaci. Ƙarar da ke tashi da rana ta kwanta bayan magariba, daga na'urar cajin batir take. Wadda ba ta dainawa, inbata ce. Nisanta rediyo da su, a gajarta wayoyinsu, a murɗe jan da baƙin tare kamar igiya.

6. Tas-tas-tas da ke bin gudun inji daga filogin janareta ne ko na babur. Nemi filogi mai harafin R a lambarsa.

7. In ka kashe komai ƙarar na nan, bi layin wutar lantarki da rediyonka. Takan yi tsanani a gindin turken da haɗinsa ya saki yana tartsatsi. Kada kowa ya hau, a sanar da ma'aikatan KEDCO.

8. Da damina, ƙarar da ke fashewa lokaci lokaci walƙiya ce, ko da hadarin na nesa, kuma ba ta da magani. Da ka ga gabas ta haɗo, cire wayar waje daga rediyo ka fitar da bakinta daga ɗaki. Haka muryar da ke tafiya tana dawowa da dare, halin zangon ne. Kada ka bari mai gyara ya murɗa 'yan gwangwanayen da ke cikin rediyon a kan wannan, domin saita su kuma sai da na'urar awo.