Ƙarar Birni da Lafiyar Jiki

Jama'a, mutumin birni yakan ce shi ƙara ba ta damunsa, wai ya saba. To a sani, hankali ne ya saba, jiki bai saba ba.

Allah ya yi wa ido murfi, bai yi wa kunne ba. Ko mutum ya yi nisa a barci, kunnensa na kai wa ƙwaƙwalwa labari. Idan tirela ta danna oda, ko maƙwabci ya tayar da janareta a gindin taga, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wata fitina ce ta taso, ta sa jiki ya saki sinadaran tsoro, waɗanda likitoci ke kira adiranalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Mai barci bai ma san an yi ba. Da safe dai ya tashi da nauyin kai da saurin fushi, ya ɗora wa sauro laifi.

Dare ɗaya ba komai. Amma yau da gobe, shekara da shekaru, ta nan hawan jini da ciwon zuciya ke samun ƙofa. A 2020 Hukumar Muhalli ta Turai ta ƙiyasta cewa ƙara na jawo mutuwar mutum 12,000 duk shekara a nahiyar. Can ke nan, inda ba a kwana da janareta.

Shi kuwa kunne, da desibel ake auna abin da ke shigarsa. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. Wanda ke wuni awa 8 cikin ƙarar da ta haura 85, irin mai injin markaɗe da maƙerin kwano, a hankali yake kashe wasu ƴan siraran gashi da ke can cikin kunne, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Alamar a fili take: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka, ƙarar ta yi yawa.

Tun 2009 Nijeriya ke da dokar taƙaita ƙara a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, amma haƙƙin maƙwabci ya riga ta. Mai janareta ya nisanta shi da ɗakin kwanan mutane. Direban A Daidaita Sahu ya ɗauke hannu daga oda. Masu biki su rage lasifika bayan isha'i. Mai aikin inji kuma ya nemi abin toshe kunne tun yana ji.