Idan garma tana lilo a bayan tarakta

Direba, in ka ga garma tana lilo hagu da dama, duba sarƙoƙin nan biyu da ke riƙe da hannuwan ƙasa na tarakta. Tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ɗaga garmar, kashe inji, sannan ka rage tsawonsu daidai wa daida har ta zauna tsakiya. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta.

Amma lokacin noma kar ka ɗaure sarƙoƙin tamau. Garma tana son ɗan sassauci don ta bi tarakta. In ka matse ta, da ta ci karo da kututture sai fil ya karye ko hannu ya lanƙwashe. Injin shuka kuwa, da tafiya kan titi, matsewa suke buƙata.

Bayan ka gyara sarƙoƙin, tura garmar gefe da hannu. Muddin ƙarfe yana taɓa taya, da sauran aiki.